Matar Linggis

Ranar Talata aka wayi gari babu matar Linggis a keji. Shi Linggis yana nan, ko gashi ɗaya bai rasa ba. Ɓarawo ya shiga gidan Haji Mudakkir, ya wuce Linggis, tattabarar da wani ɗan birnin Surabaya ya taɓa tayawa da mota, ya ɗauki macen da ko farantin tsire ba za ta saya ba.

Mamakin bai daɗe ba. A ƙauyenmu har yaron goye ya san namijin tsere ba don kyauta yake gudu ba. Ana sakinsa daga can ƙarshen gonakin taba, a nan kuma mai riƙo ya ɗaga matarsa sama yana kaɗa ta tana fuffuka, shi kuwa wawan ya taho kamar jifa ya faɗo a hannun da take. Wanda ya riga sauka shi ya ci. Linggis sunan sandar ƙarfen haƙa ne, kuma haka yake faɗowa. Amma matarsa kaɗai yake faɗo wa. Wanda ya ɗauke ta ya ɗauke masa babban tseren mako mai zuwa.

Ita ba ta da suna. A wannan sana'a maza ake raɗa wa suna, a rina musu fukafukai, a ba su zuma da gwaiduwar ƙwai. Mace kayan aiki ce, kamar igiyar guga.

Kafin azahar masu zaman rumfar kofi ta Bu Tija, wato Uwa Tija da harshenmu, sun gama shari'a. Bunawi ne, mai riƙon Haji. Shi ke da mabuɗi, kuma an gan shi ranar Lahadi a bayan babur ɗin Sahrawi, wanda tattabarunsa suka gaji da zuwa na biyu. Haji bai kira 'yan sanda ba. Ya aika kasuwa aka yanko likkafani. Ranar Juma'a za a yi wa Bunawi wankan gawa, a naɗe shi, a kwantar da shi gaban liman, ya rantse bai ɗauka ba kuma bai san wanda ya ɗauka ba. In ya ƙi, ɓarawo ne, ya tattara uwarsa su bar gari. In ya rantse a kan ƙarya, kowa a tsibirinmu na Madura yana da labarin wani da bai ga ƙarshen wata ba. Na karanta littattafan da ke cewa camfi ne. Marubutansu ba a taɓa ɗaure musu haɓa suna da rai ba.

*

Mai gari ya kira Misnadin. Dillalin shanu ne, kuma in an saci saniya shi ke bin sawunta, a ba shi cinya in ta samu. Ƙanin matata ne, marigayiya. Ta bar mini gida da littattafaina da shi. Gwiwarsa ta lalace, don haka tun da na bar koyarwa ni ne direbansa a babur. Kak yake ce mini, wato yaya.

"Kak, ka rage gudu," in ji shi a bayana. "Yayata ta mutu ta huta da tuƙinka, ni ban shirya ba."

"Tsuntsu za ka bi yau, Din. Da wace gwiwa za ka tashi sama?"

"Ɓarawon ba fiffike gare shi ba."

Tsakar gidan Haji ta riga ta zama kasuwa. Rabin gari sun zo jaje, sun tattake duk abin da ɓarawo ya bari. Misnadin ya dubi ƙasa sau ɗaya ya yi tsaki.

"Pak Haji, yaya kamanninta?"

"Mace ce."

"Wannan na ji. Launi fa?"

"Toka-toka. Ko ja-ja ne? Kai, ɓarawo, wane launi ce?"

Bunawi yana tsugune a gindin mangwaro, dogo, hannuwansa na reto tsakanin gwiwoyi. Bai ɗago ba. "Toka ce mai ɗigon baƙi, Pak Haji. Farin gashi ɗaya a fiffiken hagu. Yatsanta na tsakiya a karkace yake."

"Kun ji ko?" in ji Haji. "Ya san hajarsa."

Misnadin ya sa kai cikin kejin. A lungu akwai da'ira a ƙura, inda wani abu ya daɗe a zaune.

"Me ke nan da?"

"Kaskon sheƙa," in ji Bunawi. "Da karan taba a ciki."

"Ƙwai fa?"

Ƙwai ba a barin su. Da mace ta yi, sai a kwashe a sa wa wasu tattabaru 'yan reno, don namiji ya koma binta da zafi. Ana auna abin yadda zafin zai kai ƙarshe ranar tsere. Da namiji ya hau kan ƙwai, wutarsa ta mutu, sai ya zama uba, uba kuwa ba ya cin tsere.

"Jiya da yamma na kwashe," in ji Bunawi. "Suna ƙarƙashin 'yan reno."

Misnadin ya ɗingisa zuwa can, ya ɗaga tattabarar da ke kwanci. Fararen tsakuwa biyu ne a ƙarƙashinta, sumul, ta ɗumama su da dukan zuciyarta.

Haji ya yi ihun da ya tashi tattabarun maƙwabta. 'Ya'yan Linggis tun suna ƙwai ake layinsu. Ya ce a ƙaro igiyar ɗaurin likkafani.

A ƙofar ɗakin girki uwar Haji, Nyi Marhamah, tana tsaye tana kallo, ƙaramar tsohuwa, hannunta na hagu dafe da ƙirji. Na gaishe ta, na tambayi jiki.

"Ƙirji ne, Pak Guru. Tsufa."

Haka ake kiran malamin makaranta a nan. Ta juya ciki a hankali. Ba wanda ya tambaye ta komai. Ba a tambayar ɗakin girki maganar tattabaru.

*

Sahrawi muka tarar yana wa wani namijinsa wanka da ruwan ganye. Yana ganinmu ya fashe da dariya.

"A'a, mai bin kashin shanu da mai bin littafi! Ku shigo ku caje ni. Ku duba har cikin zanina."

"An ga Bunawi a babur ɗinka," in ji Misnadin.

"Asibiti na kai shi karɓo maganin uwarsa. Hajin naku yana da mota, amma ta tattabaru ce. Na kuma ce masa in ya gaji da zagi ya dawo wurina. Hannun yaron nan ya fi Linggis daraja, Haji ne bai sani ba."

"Da ba Linggis a fili, kai za ka ci."

"In ci wa? Kak Din, shekara nawa ina jiran in ga tsuntsun nan a bayan nawa, gaban jama'a? In ba ya fili, sai a ce Sahrawi ya ci gasar guragu."

Misnadin yana kallon wani wuri bayan kejuna inda aka tona ƙasa aka mayar. Ya tura sandarsa. Dariyar Sahrawi ta tsaya.

Tattabara ce a ciki, toka. Ni har na fara tsara yadda zan ba da labari a rumfar Bu Tija. Misnadin ya juya gawar da sanda, ya dubi ƙafafun. Yatsu a miƙe. Baki cike da wani abu rawaya.

"Tawa ce," in ji Sahrawi a hankali. "Ciwon baki. In aka ji cuta ta shigo mini, ba za a bar ni in shiga fili ba. Don Allah, Kak Din."

"Ka raba masu lafiya da marasa lafiya," in ji Misnadin. "Ni mace nake nema mai karkataccen yatsa."

Da muka tsaya shan kofi, wani ya rantse ya ga gashin tattabara toka a bayan rumfar. Gaskiya ne. Bu Tija tana soya tattabaru tun kafin a haifi mai rantsuwar. Ta dire bokitin ƙafafu gaban Misnadin.

"Ga su nan, zaɓi matar taka. In ka gane ta, ka biya sadaki."

Duk 'yan shila ne. Muka sha kofi, ta caje mu har da kuɗin kallon bokiti.

*

Laraba muka je gidan Bunawi. Uwarsa tana kwance ta juya wa abinci baya tun da ta ji maganar likkafani. Shi yana zaune a waje yana buɗe hannu yana rufewa, kamar hannun bai san abin yi ba in babu tsuntsu.

"Za ka rantse?" in ji Misnadin.

"Zan rantse ban ɗauka ba."

"Rantsuwar gaɓa biyu ce, ɗana."

Bunawi ya dubi ƙasa.

"To faɗa mini wanda ka sani ɗin."

"Ban ce na sani ba, Pak Din."

"Ba ka ce ba ka sani ba."

Sai Bunawi ya kama wata magana. "Kullum la'asar tana hannuna. Da can in na riƙe ta, hannuna cike yake. Yanzu ƙashin ƙirjinta kamar wuƙa. Ta yi ƙwai, a kwashe, ta sake, a kwashe. Ƙwan ƙarshe ɓawonsa har haske ke ratsawa. Na ce wa Pak Haji a hutar da ita, ya ce bayan tsere. Kullum akwai tsere."

"Wa kuma ka faɗa wa?"

"Ba kowa." Ya yi saurin faɗa.

A hanya na ce wa Misnadin ga mai laifi nan, tausayi ne ya sa shi sata. Na kawo masa misalai daga littattafai.

"Kak, mutumin da ya iya kwashe ƙwai kullum ba ya satar kasko. Shi da kejin aro zai sa ta. Wanda ya ɗauki mace da ƙwanta da gadonta, gida yake haɗa mata."

"To ina gidan?"

"Da na sani, da ban hau wannan jakin ƙarfen naka ba."

*

Alhamis da la'asar muka koma gidan Haji. Jama'a sun janye, suna tara ƙarfi don Juma'a. Tun da aka kori Bunawi ba wanda ya share kejin Linggis, don Haji ba ya taɓa kashi da hannunsa. Misnadin ya jawo kujera ya zauna gaban kejin, ya daɗe har na gaji na buɗe littafi.

"Kak. Da Yayata ta rasu, ina kake kallo?"

Na rufe littafin. "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Tambayar aiki."

"Ba na kallon ko'ina. Duk ɓangarorin ɗaya ne. Mutum ya zauna inda aka ajiye shi, shi ke nan."

"Abinci fa?"

"Kai ka riƙa cinye wanda ake kawowa. Ka manta?"

"To dubi wannan."

Na duba. Kwanon masara da koren wake fayau, Linggis ya cinye. Kejin faɗi ne da shi, da sanduna uku na sauka, amma kashin kwana biyu duk a lungu ɗaya ya taru, tudu guda. Wayar da ke wurin ta kama ƙananan gashin ƙirji. Yana tsaye a nan ɗin, ya kumbura wuya, yana kuka ƙasa-ƙasa, ya tsaya kamar mai saurare, ya sake.

"Wannan ba gwauro ba ne," na ce.

"A'a. Wannan miji ne da aka rufe wa ƙofa."

Lungun yana fuskantar ɗakin girki, daidai ramin da hayaƙi ke fita. Misnadin ya tashi ya bi gefen bango inda 'yan jaje ba su taka ba. Tsakanin ɗakin girki da rijiya akwai sawun ƙananan ƙafafu, taku gajere-gajere, diddige ba ya nutsewa.

"Tsohuwar nan da gudu-gudu take tafiya tun ina yaro," in ji shi. "Yanzu tana taku kamar mai ɗauke da miya a faifai."

A bakin rijiyar akwai fararen tsakuwa, sumul.

"Mu gaya wa Haji?" na ce.

"Ka je ka ce wa Haji Mudakkir uwarsa ɓarauniya ce. Zan jira ka a nan, in kai gawarka gida."

*

Juma'a da hantsi aka taru a tsakar gidan kafin a wuce masallaci. Mai gari da liman suna kan kujeru. Likkafanin yana ninke a kan tire. Sahrawi ya zo cikin sabuwar hula, Bu Tija ta rufe rumfa ta zo. Bunawi yana tsaye da zanin wanka a kafaɗa, fuskarsa ta riga ta yi kalar abin da za a naɗe shi da shi.

"Pak Haji," in ji Misnadin, "kafin a wanke mai rai, ina da shaida ɗaya da ba a tambaya ba. A buɗe wa Linggis."

"Ka haukace? Namijin da ba shi da mace in ya tashi, wa zai sauko da shi? Sai dai in ji labarinsa a tsibirin Jawa!"

"In ya ɓata, ka zaɓi saniya a garkena."

"Saniyarka? Ƙafarsa ɗaya ta fi garkenka!"

Liman ya ce a buɗe. Da alama shi ma ba ya son aikin da ke jiransa.

Linggis bai ko yi sama ba. Ya fito, ya tsallake tsakar gidan a tsayin kan mutum har hular Sahrawi ta faɗi, ya shige ramin hayaƙi. Daga ciki aka ji kukan tattabaru biyu.

Sai ga Nyi Marhamah a ƙofa, kasko a hannun dama, hagu a ƙirji. A cikin kaskon mace ce toka mai ɗigon baƙi. Linggis yana kafaɗar tsohuwar yana kumburi. Ta dire kaskon a dakali.

"Ni na ɗauka. Wa ke da magana?"

"Bu..." in ji Haji. Iyakar abin da ya samu ke nan.

"Ƙwai nawa 'yar nan ta yi maka? Ɗa nawa ka bari ta ciyar? Yaron nan ya zauna a ɗakin girkina yana cin shinkafa yana hawaye, wai za ta mutu a hannunsa. Kai kana nan kana shafa wa namiji zuma."

"Nyi," in ji mai gari, "da kin bari an naɗe Bunawi?"

"Likkafani ba ya cin mai gaskiya. Bai ɗauka ba."

"Har da cewa bai san wanda ya ɗauka ba, Nyi," in ji Misnadin.

Ta juya ta dubi Bunawi. "Ka sani?"

"Na ga tsakuwar, Nyi. Ta bakin rijiyarki ce."

"Ka yi shiru?"

"A ɗakinki na girma."

Tsohuwar ta sa hannu cikin rigarta, ta fito da ƙwai biyu naɗe a tsumma. Tattabara ba ta kwanci ita kaɗai. Mace ke kwana a kai, da hantsi namiji ya karɓe ta har la'asar. Kwanakin nan tsohuwar ce ke yin aikin namijin. Ta ɗaga macen, ta ajiye ƙwan a kan karan taba.

"Bu, kada ki bari ya gani!" in ji Haji. "In ya hau, tsere ya tafi!"

Linggis ya sauko bakin kaskon. Ya karkata kai, ya dubi ƙwan da ido ɗaya, ya juya su da baki. Ya buɗe gashin ciki, ya zauna. Tsuntsun da ake yi wa kirari daga nan har birnin Sumenep ya lumshe ido kamar tsohuwar kaza.

Haji ya yi taku ɗaya.

"Sa hannu in gani, Mudakkir," in ji uwarsa.

Bai sa ba. A gaban mai gari da liman da Sahrawi, ya mayar da hannun aljihu.

*

A masallaci mai gari ya sanar cewa tattabarar Haji ta ɓata ta dawo, ba a samu ɓarawo ba. Jama'a suka ce alhamdu lillahi da fuskar waɗanda aka hana kallo. Ba wanda ya ba Bunawi haƙuri. Haji ya miƙa masa tsintsiya ya ce keji ya yi datti, kuma a wurin Haji wannan tuba ce babba. Uwar Bunawi ta ci abinci a ranar.

Sahrawi ya ci tseren, ya karɓi kofin gasar kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Misnadin bai samu cinya ba, tattabara ba ta da abin rabo, ya zo gidana ya cinye abincin rana.

Ƙwai ɗaya ya lalace, ɗaya ya ƙyanƙyashe. Na je gani. Likkafanin Nyi Marhamah ta riƙe, ta ce an riga an yanka, kuma ba ta da nisa da bukatarsa. Da yake da tsayin Bunawi aka auna, ya yi mata yawa. Ta yanke rarar ta rataya a kejin don rana. A bayan farin ƙyallen macen tana ɗura wa ɗanta abinci a baki, Linggis yana gefe yana jiran nasa aikin.

Na tambayi Haji wane launi ce. Sai da ya ɗaga ƙyallen ya duba.